Shin Ko Kun San? A Finafinan Yaƙin Japan, Yunwa Ce Bos

Shin ko kun san a manyan finafinan Japan kan Yaƙin Duniya na Biyu da wuya a ga jarumi ya kashe bos? Bos ɗin yunwa ce. Masanin tarihi Akira Fujiwara ya ƙiyasta cewa cikin sojojin Japan miliyan 2.3 da suka mutu, kusan kashi 60 cikin ɗari yunwa da cututtukanta ne ajalinsu.

Shin ko kun san Nobi, fim ɗin Kon Ichikawa na 1959? Labarin wani soja ne mai tarin fuka a tsibirin Leyte na Filifin. Rundunarsa ta kore shi, asibiti ya ƙi karɓarsa, ya shiga daji ya tarar 'yan'uwansa na cin abin da suke kira naman biri, alhali naman mutum ne. Eiji Funakoshi, wanda ya fito a sojan, ya hana kansa abinci don ya rame, har ya yanke jiki ya faɗi, aka dakatar da ɗaukar fim.

Shi dai Ichikawa ne ya yi Biruma no Tategoto a 1956, labarin sojan da ya ƙi komawa gida don ya binne gawawwakin da aka bari a ƙasar Bama. Baman nan dai da kakanninmu suka je yaƙi a runduna ta 81 da ta 82.

Shin ko kun san Ningen no Joken na Masaki Kobayashi ya haura awa tara da rabi? Kobayashi ya yi soja a Manchuria, ya ƙi karɓar ko igiya ɗaya.

Wanda ya fi taɓa ni kuwa katun ne, Hotaru no Haka na Isao Takahata, 1988. Labarin wani yaro ne da ƙanwarsa 'yar shekara huɗu, bayan jiragen Amurka sun ƙone Kobe a 1945. Kada a ce katun ne a kunna wa yara a fita unguwa! Marubucin labarin, Akiyuki Nosaka, ƙanwarsa ta mutu da yunwa a 1945 ɗin, tana da wata 16. Yaron fim yana fifita ƙanwarsa. Nosaka kuwa ya amsa da bakinsa cewa shi ya sha cinye rabon ƙanwar tasa.