Matasan da Ke Kiwon Lambunan Ruwan Sama a Filadalfiya

A farkon watan Satumban 2021, ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwa a birnin Filadalfiya na Amurka, har kogin Schuylkill ya tumbatsa, babbar hanyar Vine da ta ratsa tsakiyar gari ta koma rafi. Duniya ta ga hotunan. Sai dai ciwon birnin na kullum ba ya jiran guguwa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na garin tsohuwar magudana ɗaya ce ke kwashe masa ruwan sama da na bayan gida a haɗe. Idan ruwan sama ya yi ƙarfi, bututun ya cika, sai ya amayar da ƙazantar kai tsaye cikin kogunan Schuylkill da Delaware, waɗanda su ne kuma mutanen gari ke sha.

Wasu biranen sun magance wannan ta hanyar haƙa manyan ramuka a ƙarƙashin ƙasa su tara ruwan. Filadalfiya ta ɗauki wata hanya. A 2011 hukumar ruwan birnin ta ƙaddamar da shirin shekara 25 mai suna Green City, Clean Waters, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 2.4. Dabarar ita ce a tare ruwan tun inda ya sauka, ƙasa ta shanye shi kafin ya kai magudana. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san aikin da kududdufi ke yi da damina, ya kuma ga abin da ke biyo baya idan aka cike shi aka ɗora gini.

Lissafin mai sauƙi ne. Ruwan inci ɗaya idan ya sauka a kan eka guda ta kwalta da siminti, ya haura lita dubu 100. Birnin na son ekoki kusan dubu 10 su riƙa riƙe wannan incin na farko.

Idan ka tsaya a gefen ɗaya daga cikin lambunan ruwan sama da ake dasawa don wannan aiki, ba za ka ga abin mamaki ba. An yanke bakin titi an bar 'yar ƙofa, ruwa na bi ta nan ya faɗa wani kwari mai ciyayi da 'yan bishiyoyi. Ƙasar da ke ciki haɗi ce ta yashi da taki, a ƙarƙashinta kuma an shimfiɗa tsakuwa. Ana son ruwan ya tsotse cikin kwana uku, kafin sauro ya samu wurin hayayyafa. To amma leda ɗaya da busassun ganye sun isa su toshe ƙofar nan. Laka na taruwa ta liƙe fuskar ƙasa. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana ƙona shuka. Bututun siminti ana binne shi a manta da shi shekaru, lambu kuwa kiwo yake so, kamar dabba.

Nan ne maganar aikin yi ta shigo, kuma a ganina nan ne shirin ya fi ma'ana. An yi shekaru da dama Filadalfiya ce ta fi talauci cikin manyan biranen Amurka goma. A shekarun 2010 kusan mutum ɗaya cikin huɗu matalauci ne, kuma nauyin ya fi sauka a unguwannin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. A 2013, zamanin magajin gari Michael Nutter, aka kafa PowerCorpsPHL, shirin da ke ɗaukar matasa marasa aiki daga shekara 18 zuwa sama, har da waɗanda suka taɓa zaman gidan yari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a can wanda sunansa ya shiga kundin kotu yakan sha wuya kafin a ɗauke shi ko da aikin shara.

Ana ba su alawus suna aiki suna koyo na wasu watanni. Suna yashe ƙofofin ruwa, suna kwashe laka, suna datse rassa, suna dasa abin da ya mutu. Suna koyon bambanta ciyawar da aka shuka da gangan da wadda ta fito da kanta, abin da ke da wuya ga yaron da ya tashi tsakanin kwalta da bulo. Suna koyon aiki a bakin titi ba tare da mota ta kwashe su ba, da rubuta rahoton abin da suka tarar. Ga kuma abin da ba a rubuta shi a takarda: zuwa a kan lokaci, da zama da abokan aiki lafiya.

Abin da ya bambanta wannan da tarin shirye-shiryen koyar da sana'a da ke ƙarewa ranar rabon takardar shaida shi ne akwai mai jiran ma'aikatan. Hukumar ruwa ta buɗe hanyar almajirancin aiki, wasu daga cikin matasan sun bi ta nan suka zama ma'aikatan birni na dindindin, wasu kuma kamfanonin da ke kwangilar lambunan suka ɗauke su. Babban birnin ƙasar, Washinton, ma ya fahimci haka: hukumar ruwansa ta haɗa kai da ƙungiyar ƙwararrun harkar ruwa suka fito da takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa baki ɗaya, aka ba rukunin farko a 2017, don wanda ya koya a wani gari ya iya cin abinci da ita a wani.

Damuwata ɗaya ce. Kuɗin gina sabon lambu ya fi sauƙin samu a kan kuɗin kula da shi, tun da ba a yanka kirtani don an yashe magudana. Wa'adin shirin Filadalfiya zai cika a 2036, amma lambunan da aka riga aka dasa, dubbai ne, za su ci gaba da tara leda da laka bayan kowane ruwa, kuma albashin masu kwashe su daga kuɗin ruwan da mutanen gari ke biya duk wata yake fitowa.