Kamara Na Nuna Hoto A Waya, Amma Ba Ta Naɗar Komai: Ina Matsalar Take?

Mai shago kan buɗe wayarsa da daddare, ya ga ƙofar shagonsa tar a manhajar Hik-Connect ko DMSS, ya kwanta da kwanciyar hankali. Sai ranar da aka fasa shagon ya nemi bidiyon jiya, ya tarar babu komai. Makonni kenan na'urar ba ta adana ko daƙiƙa ɗaya ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, kallon kai tsaye daban, naɗa daban. Hoton da ke zuwa waya ba ya buƙatar faifan ajiya. Ko faifan da ke cikin akwatin naɗa, wato NVR, ya mutu murus, hoton zai ci gaba da zuwa.

Shi ya sa daga faifan ake fara bincike. A shiga sashen ajiya na akwatin a ga halin da yake ciki. Sabon faifai a na'urorin Hikvision sai an yi masa fomat kafin ya karɓi bidiyo, kuma akwatin kan yi ta ƙara saboda haka. Wasu masu haɗa kamara, maimakon su gyara, sai su kashe ƙarar kawai. Wannan ɗabi'a ta jawo wa mutane asara. Amma a kula: fomat yana share duk abin da ke kan faifan, don haka idan akwai bidiyon da ake nema, kada a taɓa shi tukuna.

Irin faifan ma yana da tasiri. Na kwamfutar tebur ba a ƙera shi don rubutu dare da rana ba. WD Purple da Seagate SkyHawk su ne aka yi musamman don wannan aiki. Ɗaukewar wuta kwatsam, da sauyawa daga NEPA zuwa janareta sau da yawa a yini, na lalata fayil ɗin da ake kan rubutawa, a hankali kuma su gajiyar da faifan kansa. Ƙaramin UPS ko inbata a kan akwatin na kare faifan daga wannan matsala. Ga zafi da ƙurar hunturu, musamman idan an kulle akwatin a durowa don ɓoye shi daga ɓarayi.

Idan faifan lafiya yake, wataƙila cika ya yi. Kamarar da ke aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a rana. Guda huɗu za su cika faifan terabait 1 cikin ƙasa da kwana shida. In ba a kunna Overwrite ba, wanda ke sa sabon bidiyo ya maye gurbin tsoho, naɗa ta tsaya kenan. Sauya tsarin matse bidiyo daga H.264 zuwa H.265 yana ƙara kwanakin sosai.

Akwai kuma kamarar da ke aiki da rana, ta ɓace da dare, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Galibi wuta ce ba ta isarta. Da duhu ya yi fitilun infrared ɗinta ke kamawa, ta ƙara jan wuta, adafta mai rauni ya gaza. Haka ma idan wayar netwok da ke kai mata wuta ta wuce mita 100, ko kuma irin mai arha ce ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe.

Kamarori biyu masu adireshi ɗaya su ma suna ture juna. Sababbin na Hikvision kan zo da 192.168.1.64, na Dahua kuma 192.168.1.108, don haka kowace sai an ba ta nata.

Wani lokaci bidiyon yana nan, agogo ne ya ɓata. Idan ɗan batirin da ke riƙe agogon akwatin ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya duk sanda aka ɗauke wuta, bidiyon jiya ya faɗa ƙarƙashin wata shekara. Kafin a yanke ƙauna, a lalubi tsofaffin ranaku a kalandar manhajar, a sauya batirin, a kunna NTP domin akwatin ya riƙa saita agogonsa ta intanet.

Gwajin da ya fi sauƙi bai wuce minti ɗaya ba: sau ɗaya a mako, mutum ya shiga Playback a wayarsa, ya zaɓi ƙarfe biyu na daren jiya, ya duba kowace kamara ɗaya bayan ɗaya.