Bashin Bakolori da Maganar Gidan Gaskiya

Idan mutum ya rasu a ƙasar Hausa, cewa muke yi ya riga mu gidan gaskiya. Maganar ta zauna a bakinmu har ba mu cika tsayawa mu auna nauyinta ba, alhali tana ɗauke da babbar da'awa: cewa gaskiya ba ta kammala a wannan gida da muke ciki. Shin bukatar adalci ita kaɗai tana iya zama dalilin da hankali zai yarda akwai wata rayuwa bayan mutuwa? Masana sun daɗe suna kai-kawo a kan tambayar, ni kuwa ina son in auna ta da abin da ya faru a ƙasar Mafara, Bakura da Maradun.

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Manufar ita ce noman rani a faɗin dubban kadada. Sai dai tafkin ya cinye gonaki da garuruwa, aka tashi dubban iyalai, aka hana wasu shuka a gonakinsu shekara da shekaru saboda aikin baje ƙasa da haƙa magudanai, diyya kuma ta zama abin jira. Manoman fadamar da ke ƙasan madatsar su ma suka rasa ambaliyar da shinkafarsu da kifinsu suka dogara da ita. Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, musamman a Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba; mutanen yankin da masu bincike suka ce sun haura 380. Fiye da shekara 40 ke nan ba a daidaita ko a kan adadin ba, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa, ta kowane ɓangare, sun kwanta dama.

To, ina haƙƙin manomin da aka karɓe wa gona, sannan aka harbe shi don ya tambayi diyya? Ko yau aka biya jikokinsa, shi dai bai gani ba. Kotun duniya, komai adalcinta, masu rai take yi wa shari'a.

Daga irin wannan giɓi ne Immanuel Kant, masanin falsafa na ƙasar Jamus, ya gina hujjarsa a 1788. A ganinsa, hankali yana wajabta mana aikata daidai, yana kuma bukatar nagarta da sakamako su dace da juna. Tun da ba sa dacewa a ɗan gajeren zaman duniya, wanda ya ɗauki wajibin da gaske sai ya ƙaddara samuwar Ubangiji da wanzuwar rai. Kant bai ce ya tabbatar da lahira irin tabbacin lissafi ba. Cewa ya yi halin kirki ba ya tsayuwa da ƙafafunsa sosai in babu ita.

Malaman Musulunci sun riga shi shiga wannan fage da ƙarnoni. Mu'utazilawa sun sanya adalci, da alkawarin lada da gargaɗin azaba, cikin ginshiƙansu 5, suna ganin hankali da kansa yana gane wajabcin sakamako. Ash'arawa, waɗanda tafarkinsu ya fi yaɗuwa a makarantun zaurenmu, suka ce babu mai wajabta wa Allah komai, kuma ta wahayi muka san hisabi. Duk da haka Alƙur'ani da kansa, a surorin Sad da Jasiya, yana jan hankalin mai sauraro da wannan ma'auni, inda yake inkarin a daidaita mai gyara da mai ɓarna.

Akwai suka mai ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Mai shakka zai ce buri ba hujja ba ne. Don muna son a saka wa manomin Birnin Tudu, hakan bai nuna za a saka masa ba. Gaskiya ne. Amma abin da muke ji game da Bakolori ya wuce so. Muna jin bashi ne, kuma mun san bashi ba ya mutuwa da mai shi: a shari'armu sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado. Saboda haka zaɓi uku ne a gabanmu. Ko mu ce bashin ya faɗi da mutuwar masu shi, wato daɗewa tana wanke kisa. Ko mu ce bashin yana nan amma har abada ba za a biya ba. Ko mu ce akwai ranar biya. Na farko lamirin kowa yana ƙin sa. Na biyu mutum mai gaskiya yana iya riƙe shi, sai dai zai rayu yana kiran abu wajibi alhali ya yarda babu inda wajibin zai cika. Na ukun ne kaɗai ke barin kalmar haƙƙi da cikakkiyar ma'anarta. Wannan bai kai tabbaci ba, amma dalili ne mai nauyi, kuma ni a wurina ya rinjayi kishiyarsa.

Suka ta biyu ta fi kusa da mu. Karl Marx ya kwatanta addini da maganin sa maye da ke kwantar da talaka, kuma a nan gida mun sha ganin yadda “Allah ya isa” ke zama matashin kai ga azzalumi: wanda aka cuta ya faɗa ya tafi, mai cutar ya ci gaba da barcinsa. Amma manoman Bakolori masu salla ne, kuma imaninsu da hisabi bai hana su tsayawa a kan hanya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda wa'azinsa ke cike da tuna lahira, shi ne kuma ya jera laifuffukan sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ, har da cin dukiyar talakawa. A koyarwar Musulunci tuba ba ta goge haƙƙin bayi sai an mayar ko an yafe, kuma hadisi ya siffanta matsiyaci na ainihi da wanda zai zo da ibada mai yawa, a rarraba ladansa ga waɗanda ya zalunta. Wanda ya fahimci wannan, gaggawar biya zai yi tun yana numfashi.

Yankin bai huta ba har yau. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, kuma ƙauyukan Maradun da Bakura sun binne mutanen da ba a taɓa gurfanar da makasansu ba. Bashin ƙaruwa yake yi.

Abin da ke hannunmu shi ne rabon da duniya za ta iya biya. Dattawan da suka ga 1980 da idonsu suna ƙarewa. Ya kamata jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu, a rubuta sunayen waɗanda suka mutu, hukuma kuma ta buɗe takardunta ta duba diyyar da ta rage. Wanda ya yi imani za a buɗe littafi a can, bai dace a same shi yana rufe na nan ba.