Maganar Yaƙin Duniya na Uku, da Abin da Ya Kamaci Talaka Ya Sani

Tun daga ranar 24 ga Fabrairu 2022, sa'ad da Rasha ta shigar da rundunoninta ƙasar Yukren, maganar yaƙin duniya na uku ba ta sauka daga bakunan mutane ba, a majalisun hira da tashoshin mota da cikin wayoyin hannu. Kuma duk lokacin da ta yi kamar za ta lafa sai wata fitinar ta taso ta farfaɗo da ita, kamar yadda aka gani a watan Mayu 2025 da Indiya da Pakistan suka kwana huɗu suna musayar wuta, da watan Yuni na shekarar da Isra'ila da Iran suka gwabza kwana goma sha biyu, har Amurka ta jefa bama-bamai a wuraren nukiliyar Iran na Fordo da Natanz da Isfahan. Mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu sun firgita, suna ganin alƙiyama ce ta ƙarato. Waɗansu kuma sun mai da shi abin nishaɗi, kowa ya zaɓi gwaninsa cikin shugabannin dauloli yana yi masa kirari, bisa ga zaton cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. A ganina na biyun sun fi na farkon ɓata, domin wannan faɗa da ruwanmu a ciki.

Wanda ya yi nazarin yadda yaƙin 1914 ya faro zai ga abin izina. Ranar 28 ga Yuni aka harbe yarima mai jiran gadon daular Ostiriya a birnin Sarayebo, bayan wata guda Ostiriya ta ɗaura yaƙi da Sabiya, sai Rasha ta yi shiri don taimakon Sabiya, Jamus ta tsaya wa Ostiriya, Faransa ta cika alkawarin da ke tsakaninta da Rasha, Ingila kuma ta shigo ranar 4 ga Agusta bayan Jamus ta keta ƙasar Beljiyam. Ga shi kuwa da yawa daga cikin sarakuna da waziran nan sun ɗauka abin ba zai wuce 'yan watanni ba. Kafin watan Agustan ya fita wutar ta iso Togo da Kamaru, inda sojojin Hausawa suka yi yaƙi a Garwa da dutsen Mora har zuwa 1916, a kan wata husuma wadda ba su san mafarinta ba. Alkawuran ƙawance, waɗanda aka ƙulla don tsoratar da maƙiyi, su ne suka jawo kowa cikin ramin.

Irin waɗannan alkawura suna nan yau. Ƙungiyar tsaro ta NATO tana da ƙasashe 32, bayan Finlan ta shiga a 2023 Suwidin kuma a 2024, sashe na biyar na yarjejeniyarta kuwa ya hukunta cewa hari a kan ɗaya hari ne a kan duka. A ɗaya gefen, Iran ta ba Rasha jirage marasa matuƙa, Koriya ta Arewa ta aika mata da sojoji yankin Kursk a 2024, Sin kuma tana nan kan bakanta cewa tsibirin Taiwan nata ne, alhali Amurka tana sayar wa tsibirin makamai. Cibiyar binciken zaman lafiya ta Stockholm ta ƙiyasta abin da duniya ta kashe a kan soja a 2024 ya haura dala tiriliyan 2.7, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin wannan shekarar.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne makaman ƙare dangi. Ƙasashe tara ke riƙe da su, jimillarsu wajen 12,000, kusan kashi tara cikin goma a hannun Amurka da Rasha. A watan Oktoba 1962, sa'ad da Tarayyar Sobiyat ta girke makamai masu linzami a Kuba, duniya ta yi kwana goma sha uku a bakin halaka kafin Kennedy na Amurka da Khrushchev na Sobiyat su ja da baya; tsoron da suka ji ya sa aka shimfiɗa layin sadarwa na gaggawa tsakanin Washington da Mosko a 1963, daga bisani kuma aka yi ta ƙulla yarjejeniyoyi na taƙaita makaman, har kowane ɓangare ya yarda jami'an abokin gabansa su zo su duba rumbunansa da idanunsu. To, waɗannan yarjejeniyoyi su ne ke warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda Reagan na Amurka da Gorbachev na Sobiyat suka sa wa hannu a 1987, ta hana makamai masu matsakaicin zango, ta mutu a 2019. Ta 2010, wadda ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kowaccensu kawunan makami 1,550 da ke girke, Rasha ta jingine aiki da ita a Fabrairu 2023, wa'adinta kuma ya cika a Fabrairu 2026. In babu mai duba rumbun wani, sai zato ya maye gurbin yaƙini, kuma jami'in da ya ga alamar hari a na'urarsa cikin dare 'yan mintoci kaɗan gare shi ya rarrabe gaskiya da kuskure.

Duk da haka adalci ne a faɗa cewa yaƙin bai zama wajibi ba. Shugabannin nan, kome zafin kalamansu, sun san wanda ya fara jefawa shi ma ba zai tsira ba, shi ya sa Sin da Sobiyat suka yi artabu a kan iyaka a 1969, Indiya da Pakistan kuma a Kargil a 1999, abin bai bazu ba. Gaibu na Allah ne, duk wanda ya yanka maka ranar da za a fara ƙarya yake yi.

Sai dai talaka ba ya jiran a ce yaƙin duniya ne kafin ya ɗanɗana kuɗarsa. Rasha da Yukren, kafin su kama faɗa, su ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake ciniki a duniya, Rasha kuma tana kan gaba wajen sayar da takin zamani. Da tashoshin Bahar Aswad suka toshe, sai fulawa da burodi da buhun taki suka yi tsada a kasuwannin da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba, har sai da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani a Yuli 2022 aka buɗe hanyar hatsi, amma Rasha ta janye daga yarjejeniyar bayan shekara guda. Kimanin humusin man fetur na duniya ta mashigin Hormuz yake bi. Da 'yan Huthi na Yaman suka soma kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, sai manyan jirage suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, kuɗin dako ya ƙaru, mai sayen kaya a kanti ya biya. Kakanninmu sun ga abin da ya fi wannan a yaƙin Hitila, lokacin da aka kwashi samari zuwa Bama, aka kuma tilasta wa dubban talakawa aikin haƙar kuza a Jos daga 1942. Saboda haka manomin da ya ƙara himma wajen takin gargajiya, da magidancin da ya tanadi hatsi daidai buƙatar iyalinsa ba tare da ɓoye shi don ya yi tsada ba, sun yi riƙo da sababi, wanda bai saɓa wa tawakkali ba.

Saura abubuwa biyu da suka fi kusa da mu. Na farko jita-jita: dauloli masu gaba suna yaƙi da labarai kamar yadda suke yi da makamai, kuma sau da yawa hoton wata tsohuwar gobara ko na wasan kwamfuta ake turowa ta WhatsApp da Facebook a ce harin jiya ne. Shari'a ta umarce mu da tantance labari kafin a yi aiki da shi, balle a yaɗa shi; a duba ko kafofi biyu ko uku da aka sani, waɗanda ba uwargijiyarsu ɗaya ba, sun kawo shi. Na biyu dillalan aiki a ƙetare. An sami samari daga ƙasashen Afirka da dama waɗanda aka yi wa alkawarin aikin gadi ko karatu a Rasha, suka sa hannu a takardar da aka rubuta cikin harshen da ba su iya karantawa, sai suka tsinci kansu a fagen daga a Yukren. Uban da ɗansa ya zo masa da irin wannan takarda, ya nemi wanda zai fassara masa ita kalma bayan kalma, ya kuma tambayi ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarsa ko ta san dillalin, tun kafin a sayar da gona a biya kuɗin jirgi.