Wasannin ci 79 da ci 67 na Bauchi (2013)

Wasannin ci 79 da ci 67 wasanni biyu ne na ƙwallon ƙafa da aka buga a garin Bauchi ranar Litinin, 8 ga watan Yuli, 2013, a zagayen neman gurbin shiga ƙaramin rukuni na gasar Nationwide League ta Najeriya. A wasa ɗaya ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci Akurba FC 79 da nema, a ɗayan kuma Police Machine ta ci Babayaro FC 67 da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta yanke cewa haɗin baki ne, ta haramta wa 'yan wasan da jami'ansu shiga harkar ƙwallo har tsawon rayuwarsu. Lamarin yana cikin misalan da ake kawowa idan ana muhawara kan irin hukuncin da ya dace da maguɗi a wasanni.

Yadda abin ya faru

Ƙungiyoyin huɗu duk daga arewa suke. Feeders ƙaramar ƙungiyar Plateau United ce ta Jos, Akurba daga jihar Nasarawa, Police Machine daga Adamawa, Babayaro kuma daga Gombe. Kafin wasan ƙarshe, Feeders da Police Machine sun yi kunnen doki a maki. Ke nan idan dukansu suka yi nasara, wadda ta fi yawan ƙwallaye ita za ta haye.

An buga wasannin biyu a lokaci ɗaya. Wannan tsari ne da aka ɗauka a duniyar ƙwallo don kada wata ƙungiya ta shiga fili tana sane da ainihin abin da take buƙata. Ya kafu ne bayan gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifaniya, inda Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya ɗaya da nema, sakamakon da ya ishe su duka biyun su haye ya kuma fitar da Aljeriya, wadda ta riga ta gama wasanninta kwana ɗaya kafin nan. To amma tsarin yana aiki ne idan labari ba ya saurin tafiya daga wannan fili zuwa wancan. A zamanin wayar salula kuwa, kafin a mayar da ƙwallo tsakiyar fili an ji an ci.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Feeders tana da ci 7, Police Machine tana da 6. Wannan ma ya yi yawa, amma ana iya ganinsa a ƙananan gasanni. Bayan an dawo ne abin ya fita hayyaci: Feeders ta ƙara 72, Police Machine ta ƙara 61, jimillar ƙwallaye 146 a wasannin biyu. Ƙwallo 72 cikin minti 45 na nufin ana zura ɗaya a raga duk bayan kimanin daƙiƙa 37. A cikin wannan ɗan lokaci sai an ɗauko ƙwallon daga raga, an kai ta tsakiyar fili, waɗanda aka ci sun take ta, sannan sun rasa ta, an kuma koma da ita bakin ragarsu. Hakan ba ya yiwuwa sai da hannun wanda ake ci.

Hukuncin NFF

Washegari NFF, wadda Aminu Maigari yake shugabanta a lokacin, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu ta kuma kafa kwamitin bincike. Mai ƙungiyar Babayaro bai ma jira sakamakon ba, ya rushe ƙungiyarsa. Cikin makonni biyu aka sanar da hukunci: an haramta wa 'yan wasa da jami'an ƙungiyoyin, har da alƙalan da suka busa wasannin, shiga harkar ƙwallo har abada, su kuma ƙungiyoyin aka dakatar da su na shekara 10. Babu wadda ta samu gurbin da aka yi abin dominsa. Babbar ƙungiyar Plateau United ta ci gaba da wasanninta, har ta ɗauki kofin gasar ƙwararru ta Najeriya a 2017.

Satar ishara a wasan besbol

A shekarar 2017 ɗin ne kuma aka yi wani maguɗin a Amurka wanda hukuncinsa ya zama kishiyar na Bauchi, shi ya sa kwatanta su yake da amfani.

A wasan besbol, mutum ɗaya ne yake jefa ƙwallo, abokin hamayya yana ƙoƙarin bugun ta da sanda. A bayan mai bugun akwai mai cafewa a tsugune, wanda yake ɓangare ɗaya da mai jifa. Shi ne yake yi wa mai jifa ishara da yatsu tsakanin cinyoyinsa, yana gaya masa irin jifan da zai yi: mai ƙarfi kai tsaye, ko mai lanƙwasa, ko mai sanyi da ke yaudarar ido. Jifa mai ƙarfi ba ya ɗaukar rabin daƙiƙa kafin ya iso, don haka wanda ya san abin da ke tafe ya gama rabin aikinsa. Dokar wasan ba ta hana ɗan wasan da ke cikin fili ya hango ishara da idonsa ya sanar da ɗan'uwansa ba, ana ɗaukar wannan a matsayin wayo. Abin da ta hana shi ne amfani da na'ura.

Ƙungiyar Houston Astros ta yi amfani da kyamarar da ke can ƙarshen fili tana haska hannun mai cafewa, hoton yana fitowa a talabijin kusa da mazaunin 'yan wasa. Idan suka gane jifan da ke zuwa, sai wani ya doki kwandon shara, mai bugu ya ji ƙarar. A wannan shekara suka ci Los Angeles Dodgers suka ɗauki kofin World Series. Asirin ya tonu a watan Nuwamba na 2019, lokacin da tsohon ɗan wasansu Mike Fiers ya bayyana wa jaridar The Athletic yadda ake yi.

Ranar 13 ga Janairu, 2020, shugaban hukumar gasar, Rob Manfred, ya ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, wadda ita ce mafi yawa da dokarsu ta yarda. Ya hana ta zaɓen sababbin 'yan wasa a zagaye biyu na farko na 2020 da 2021, ya kuma dakatar da babban manaja Jeff Luhnow da koci A.J. Hinch na shekara ɗaya. Mai ƙungiyar ya kore su a ranar. 'Yan wasan kuwa ba a taɓa ko ɗaya ba, domin an yi musu alkawarin kariya idan suka faɗi gaskiya. Kofin ma yana hannunsu. Kafin shekarar ta ƙare Hinch ya samu aikin horar da Detroit Tigers.

Muhawara kan hukunci

Masu sukar hukuncin Houston suna cewa tarar dala miliyan 5 ba komai ba ce ga ƙungiyar da ta ɗauki kofi, kuma wanda ya ci riba ya tsira da ita bai ji horo ba. Masu kare shi suna cewa ba don kariyar ba da bakin 'yan wasan bai buɗe ba, kuma ƙungiyar ƙwadagonsu mai ƙarfi ce, da ta ƙalubalanci duk wata dakatarwa. Besbol ɗin ma ba kullum yake da sassauci haka ba: 'yan wasan Chicago White Sox takwas da aka zarga da sayar da wasan ƙarshe na 1919 an kore su har abada, duk da kotu ta wanke su.

Na Bauchi ya fi ta wajen guda, tunda ba a bar kowa da ribar maguɗinsa ba. Rauninsa shi ne kuɗin goro da aka yi. A ƙaramar ƙungiya, yaron da ke neman a gan shi ba shi ne yake shirya yadda wasa zai ƙare ba, kuma ba shi da bakin da zai ce wa koci ko kyaftin a'a. Hukunci ɗaya ga wanda ya ƙulla abin da wanda aka umarta yana huce haushin jama'a da wuri, sai dai yana kashe duk wani dalilin da zai sa ƙaramin ya fito ya faɗi wanda ya sa shi. Italiya ta bi wata hanyar a 2006, ta ɗora nauyin a kan ƙungiya da shugabanninta: aka karɓe wa Juventus kofuna biyu, aka mayar da ita rukuni na biyu.

Ko haramcin har abada ba koyaushe yake tabbata ba ga wanda yake da halin ɗaukaka ƙara. A 2019 FIFA ta yanke wa tsohon kocin Super Eagles Samson Siasia irin wannan hukunci kan zargin amincewa da karɓar cin hanci, amma a 2021 kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta rage shi zuwa shekara 5.

Bayan haka

A besbol an toshe ƙofar da na'ura: daga 2022 an yarda mai cafewa ya danna maɓalli a hannunsa, saƙon ya shiga kunnen mai jifa kai tsaye ba tare da yatsu ba. A ƙwallon ƙafa kuwa abin Bauchi ya sake faruwa a Saliyo a watan Yuli na 2022, shi ma a wasan neman hayewa, inda Kahunla Rangers ta ci Lumbebu United 95 da nema, Gulf FC ta ci Koquima Lebanon 91 da 1.