Fitilar LED Ta Haɗin Gida: Dalilan Da Ke Sa Ta Ƙiftawa Ko Ƙonewa, Da Yadda Ake Gyara Ta

A Damari da ke ƙaramar hukumar Sabuwa, kamar sauran garuruwan yankin Faskari da Ƙanƙara a jihar Katsina, batir da faifan sola sun zama madogarar haske a gidaje da shagunan cajin waya. Matasa masu fasaha kan ciro ƙananan ƙwayayen LED daga matattun fitilu, su liƙa su a marfin tukunya, su haɗa tasu fitilar. Sai dai sau da yawa fitilar kan yi ta ƙiftawa, ko haskenta ya dushe, ko ta ƙone cikin 'yan kwanaki. Kuɗi sun tafi, neman sabon kaya kuma wani lokacin sai an dangana da Funtuwa. Galibi matsalar rashin jituwa ce tsakanin ƙwayayen da direban da ke ba su wuta.

Mene ne direba?

Direba wani ɗan allo ne da ke tsakanin tushen wuta da ƙwayayen, wasu masu gyara suna kiransa cok. Farin ƙwan LED ɗaya yana aiki ne da kusan volt 3 zuwa 3.4, kuma ba ya iya taƙaita wutar da yake sha da kansa. Da zarar volt ya ɗan haura, sai ya zuƙi wuta fiye da kima ya yi zafi ya mutu. Aikin direba shi ne ya hana hakan.

Direba iri biyu ne. Akwai mai tsayar da volt, wanda za a ga an rubuta masa 12V ko 24V kawai. Shi ne ya dace da LED mai kama da zare, wanda ake yankawa bayan kowane ƙwai 3 idan mai volt 12 ne, domin yana zuwa da risistocinsa. Akwai kuma mai tsayar da yawan wutar da ke gudana, wanda za a ga an rubuta masa adadi ɗaya kamar 300mA, tare da tazarar volt kamar 24 zuwa 42. Shi ne na ƙwayaye tsirara. Musanya su shi ne kuskuren farko.

Lissafi kafin haɗi

Idan aka jera ƙwayaye kamar sarƙa, wutsiyar wannan a kan wancan, ana tara volt ɗinsu ne. Ƙwai 10 masu wat 1, kowanne da volt 3.2, sun ba da volt 32. Wannan ya faɗa cikin tazarar 24 zuwa 42, don haka direban ya dace. Idan ƙwai 5 ne kawai, volt 16 ke nan, ya gaza. Idan 15 ne, volt 48, ya wuce.

Sai a duba miliamfiya. Ƙwan wat 1 yana ɗaukar kusan 350mA, na wat 3 kuwa kusan 700mA. Direba mai 600mA zai kashe ƙwan wat 1, ko da lissafin volt ya yi daidai.

Alamomi da ma'anarsu

Ƙiftawa a kai a kai: yawanci jimillar volt ta fita daga tazarar direba, sai ya riƙa kunnawa yana kashe kansa. A sake ƙirga ƙwayayen, a kuma duba ko dalma ta saki.

Babu haske ko kaɗan: a fara da duba ko an juya waya, domin LED hanya ɗaya yake karɓar wuta. Sannan a nemi ƙwan da ke da baƙin ɗigo a tsakiyarsa. A haɗin sarƙa, mutuwar ɗaya kan kashe duka. Mita a matsayin gwajin diyod kan sa lafiyayyen ƙwai mai volt 3 ya ɗan haska, amma wasu ƙwayayen da ake cirowa daga fitilun kasuwa masu volt 6 ne ko 9, ba za su haska da wannan gwajin ba.

Haske mai ƙarfi sannan mutuwa: wuta ta yi yawa ko zafi ya yi yawa. Haka kuma idan an haɗa layi biyu kafaɗa da kafaɗa a kan direba ɗaya, mutuwar layi ɗaya kan tura duk wutar zuwa ɗayan.

Ɗan haske bayan an kashe: a fitilar da ke kan wutar gida, sau da yawa makunnin yana kan wayar da ba ta ɗauke da wuta ne. A mayar da shi kan mai wutar.

Masu amfani da batir

Direban da aka yi don wutar gida mai volt 230 ba zai tashi da batir ba. Kuma batirin da ake kira mai volt 12 yakan kai 14.4 lokacin da sola ke cajinsa. Misali, ƙwai 3 a jere suna cin volt 9.6. Saura 4.8, wanda idan aka raba shi da amfiya 0.3 zai ba da om 16. A sa risisto mai om 16 da ke jure aƙalla wat 2. Da dare, idan batirin ya sauka zuwa 12, wutar za ta ragu zuwa rabi, hasken ya dushe. Mai son haske marar canzawa sai ya nemi ƙaramin direban da ke karɓar wutar batir.

Zafi da kariya

Ƙwan wat 1 zuwa sama yana buƙatar faifan alminiyom a bayansa. Liƙa shi a katako ko roba gajarta masa rai ne, musamman a zafin watan Afrilu. Idan ba a iya riƙe faifan da yatsa na 'yan daƙiƙoƙi, zafin ya yi yawa.

Direban wutar gida kan riƙe caji bayan an zare shi, don haka a jira kafin a taɓa. Wasu masu araha ba sa raba wutar gida da ɓangaren ƙwayayen, taɓa su a kunne na iya kisa. Kada kuma a haɗa ƙwayaye da direban yana kan wuta. A sa fis kusa da batir, domin gajeren haɗi na iya tayar da gobara. Mai koyo ya fara da volt 12, ya bar aikin wutar gida ga ƙwararre.