Rashin Ɗa'a A Wurin Aiki: Illarsa Ga Manyan Makarantu

Daga mararrabar Lambata, hanya ɗaya ta nufi Minna, ɗaya ta nufi Lapai da Bida. A garuruwan nan uku akwai manyan makarantun da manomi kan sayar da doyarsa domin ɗansa ya shiga. To, ko'ina a ƙasar nan, amfanin wannan kuɗi ya rataya ne a kan ɗa'ar ma'aikatan makaranta.

Idan malami yana fashin aji, zango yakan ƙare ba a gama manhaja ba. Idan akawu ya danne fayil sai an ba shi goro, sakamako yakan makara, ɗalibi ya rasa tafiya bautar ƙasa. Mafi muni shi ne sayar da maki, domin mai takardar shaidar banza shi ne gobe zai duba majinyaci ko ya gina gada.

A 1984 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 2000 kuma aka kafa hukumar ICPC domin yaƙi da cin hanci. Amma doka ba ta kama laifin da aka rufe. Saboda haka, duk wanda aka nemi hanci daga gare shi, lalle ne ya kai ƙara ga shugabannin makaranta ko ofishin ICPC.